"Cif" ɗin da ake tsira wa shanu: yana nuna inda ɓarayi suka kai su?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da 'yan shanu a bayan garin Daura, bara aka kore mini huɗu cikin dare. Yanzu wani ya zo yana tallar "cif" da ake tsira wa saniya a ƙarƙashin fata, wai ko dajin Rugu aka kai ta zan gan ta a wayata. Na ba da kafin alƙalami, amma hankalina bai kwanta ba. In cika kuɗin?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kada ka cika. In da hali ma, karɓo abin da ka bayar.

Abin da ya nuna maka RFID ne, wato ɗan cif mai ɗauke da lambar shaida, dangin wanda ke cikin fasfo ɗinmu tun 2007 da katin banki da ake ɗorawa kan POS ba sai an zura ba. Wanda ake tsira wa dabbobi a ƙarƙashin fata kamar ƙwayar shinkafa yake, kuma babu batir a cikinsa. Sai an kara masa na'urar karantawa ta aika masa igiyar rediyo mai kilohaz 134.2, da ɗan wannan ƙarfin yake farkawa ya faɗi lambarsa mai alƙaluma 15, ya koma barci. Ja na'urar baya taƙi ɗaya ko biyu, shiru kake ji. Na kunne da wanda ake ɗura wa saniya ya zauna a tumbi, ko da babbar na'ura, da ƙyar su wuce mita ɗaya.

To abin da ba ya jin kira daga bayan zana, ta ina zai yi magana da tauraron ɗan Adam? Bakina ya gaji da wannan bayani. Kusan kullum sai wani ya shigo mini da waya yana nuna shuɗin ɗigo a kan taswira, wai ga bijiminsa. Ɗigon nan wayarka ce, Alhaji, inda kake tsaye take nunawa! Asarar kuɗin ma da sauƙi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne mutum ya saki jiki ya rage tsaron garke saboda ya sa "cif", ko ranar da aka yi sata ya tara matasa su faɗa daji suna bin ɗigon ƙarya. Masu tallar nan, a lokacin suna can sun kashe waya.

Mai bin sawu na gaske GPS ne, wanda ke gane inda yake ta hanyar tauraron ɗan Adam. Ƙaton abu ne da ake rataya wa a wuya, yana cin batir, yawanci da layin waya a ciki, inda babu sabis kuma ba ya aiko komai. Shi ɓarawo ke fara yankewa.

Amfanin RFID shaida ce. Idan ka tsinci karsanarka a karar Mai'aduwa ran Lahadi, an goge lalas, an yanke kunne, lambar da ke tumbi tana nan, ita za ta raba gardama a gaban dillalai da 'yan sanda. Muna kuma riƙe tarihin rigakafin ciwon huhu da ita. Sai dai fa sai an rubuta lambar da sunanka a rajista, kuma an sami na'ura a wurin.

In ya dawo, ce masa ya tsira wa saniya ɗaya, yaronka ya zaga da ita bayan gida ba tare da ya gani ba, sannan ya nuna maka inda take.