Amsoshin Tambayoyinku: Yawon Keke a Karkarar Faransa, Wace Hanya Kuma Wane Keke?

Wasiƙu uku ne suka zo a kan magana ɗaya, don haka na haɗa su wuri guda.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a Tours: "Assalamu alaikum Malam. Na ɗan tara kuɗi, ina so in yi kwana biyar a kan keke idan dogon hutu ya zo. Amma ina tsoron mota ƙwarai. Wasu abokaina sun ce in bi Loire à Vélo, wasu sun ce Canal du Midi ta fi. Wacce zan zaɓa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka zaɓi hanya, ka fara sanin cewa ba duk hanyar da aka kafa wa allo mai hoton keke ce babu mota a kanta ba. Faransawa suna da iri biyu. Akwai wadda suke kira voie verte, wadda dokar hanya ta ƙasar ta keɓe tun 2004 ga masu keke da masu tafiya a ƙasa da makamantansu, mota ba ta shiga sai da izini na musamman. Akwai kuma véloroute, wato doguwar hanya da aka jona gutsi-gutsi: nan keɓaɓɓiya ce, can kuma ƙaramin titin ƙauye ne da za ka raba da motar manomi ko tarakta. Yawancin manyan hanyoyin da ake tallatawa irin na biyun ne. Tunda kai mota kake gudu, ka buɗe taswirar shafin France Vélo Tourisme, ka bi ta zango-zango, domin tana bambanta keɓaɓɓen yanki da wanda ake haɗa hanya da motoci.

Loire à Vélo tana da tsawon kimanin kilomita 900, daga Cuffy kusa da Nevers har Saint-Brevin-les-Pins a bakin Tekun Atlantika. Gauraye ce, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai titunan da ake haɗawa da mota ƙanana ne, kuma direbobin yankin sun saba da masu keke. Abin da ya sa na fi son ta gare ka shi ne a ƙofar gidanka take. Ka fita daga Tours ka nufi Villandry, kimanin kilomita 20 a gefen kogin Cher, mafi yawan tafiyar a keɓaɓɓiyar hanya shimfiɗaɗɗiya. Ka yi wannan wata ranar Asabar ka dawo, za ka san ƙarfin ƙafarka ba ka kashe ko sisi a masauki ba. Idan ta karɓe ka, sai ka miƙe zuwa Saumur da Angers lokacin hutu. Layin dogo yana bin kogin Loire ta Orléans, Blois, Tours, Saumur, Angers har Nantes, saboda haka duk ranar da ka gaji ko ruwa ya tsuge, tasha ba ta yi maka nisa ba. Ga wanda bai taɓa doguwar tafiya a keke ba, wannan ya fi duk wani kyan hoto muhimmanci. Ka kuma sani iska a can ta fi busowa daga yamma. Mai tafiya wajen teku sau da yawa da ita yake kokawa, mai dawowa gabas kuwa tura shi take yi.

Canal du Midi kuma tana da tarihi babba. Kogi ne da mutum ya haƙa da hannu, kilomita 240 daga Toulouse zuwa gaɓar Bahar Rum, Pierre-Paul Riquet ya jagoranci aikin, aka buɗe shi a 1681, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996. To amma hanyar gefensa a wurare da yawa ƙasa ce da tsakuwa da saiwoyin bishiya, idan an yi ruwa ta zama taɓo. Dubban manyan bishiyoyin da ke ba ta inuwa ma an sare su saboda wata cuta da ta kama su, ga shi kudancin Faransa yana zafi a Yuli da Agusta. Idan zuciyarka ta nace sai kudu, ka juya ɗaya ɓangaren na Toulouse, ka bi Canal de Garonne, kilomita 193, kusan duka kwalta ce mai santsi kuma babu mota. Ban ga dalilin da zai sa sabon shiga ya fara da wahala ba alhali ga sauƙi a gefensa.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗan kasuwa a Kano: "Malam, ina zuwa Faris a kan harkokina, kuma wannan karon ina so in ƙara mako guda in zaga ƙauyukansu a keke. Shekaruna sun ja, gwiwa tana ɗan damuna. In sayi keke mai batir a can in dawo da shi gida, ko in yi haya?"

Ranka ya daɗe Alhaji, haya za ka yi, kuma dalilin ba na kuɗi kaɗai ba ne. Batirin irin wannan keken ya wuce girman da kamfanonin jiragen sama suke yarda fasinja ya ɗauka, ko a hannu ko a cikin kaya. Za ka saya da tsada, ka iso filin jirgi a ce batir ba zai hau ba, shi kuwa keken in babu batirinsa nauyi kawai ya rage masa.

A garuruwan bakin Loire akwai masu ba da haya da za ka karɓi keke a wannan gari ka ajiye musu a wancan, da ɗan ƙarin kuɗi. Akwai kuma masu ɗaukar akwatinka daga masauki zuwa masauki kowace safiya, kai dai ka hau da ruwan sha da rigar ruwa. Ga mai ciwon gwiwa wannan kuɗin bai tafi a banza ba. Keken mai batir da doka ta yarda da shi a Turai injinsa wat 250 ne, yana taimaka maka ne muddin kana taka feda, kuma taimakon yana yankewa idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Kada ka sa ran babur ne, takawa za ka yi, sai dai gwiwa ba za ta ji jiki a hawa ba. Wurin karɓa ka tambaye su kilomita nawa caji ɗaya yake kai mutum mai nauyinka, ka sa su daidaita maka tsayin sirdi a gabanka. Sirdin da ya yi ƙasa shi ne babban abokin gabar gwiwa.

Wajen masauki ka nemi tambarin Accueil Vélo. Duk otal ko gidan saukar baƙi mai wannan tambari bai wuce kilomita 5 daga hanyar keke ba, yana da wurin kulle keke da kayan ƙaramin gyara. Sannan ka duba inshorar da ka yanka don bizar Schengen. Dole ce ta kai yuro 30,000, amma ka karanta takardar ka tabbatar ba ta cire haɗarin wasannin motsa jiki ba.

Shi kuwa ƙanen namu na Tours, da yake zaune yake a ƙasar, saye ya fi masa. Kada ya bi siririn keken tsere. Ya nemi wanda suke kira VTC, mai taya matsakaiciya da kariya a baya da za a rataya jaka. Na hannu ma ya wadatar idan birki da sarƙa lafiya suke, kuma ya karɓi takardar saye, domin satar keke ta yi yawa a biranensu, tun 2021 ma doka ta sa ana buga lambar shaida a jikin sababbin kekuna. Kuɗin da ya rage ya zuba su a taya mai jure ƙaya irin Schwalbe Marathon, da jakunkunan da ruwa ba ya ratsawa, da kwaɗo mai ƙarfi. Ya koyi cire taya da sa faci a ɗakinsa tun yanzu, domin a karkarar Faransa babu mai faci zaune a gindin bishiya kamar yadda muka saba gani a gida. Tiyub biyu da ƙaramin famfo su zauna a jaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya ta uku, daga wata uwa mazauniyar Lyon: "Malam, yarana biyu ne, ɗan shekara 7 da 'yar shekara 10. Ina son hanyar da babu mota ko ɗaya. Kuma yaya za mu yi da abinci da salla a ƙauyukan da babu Musulmi?"

Hajiya, hanyarki ba ta da nisa da ke. A kudancin yankin Bourgogne akwai hanyar Givry zuwa Cluny, kilomita 44, wadda aka buɗe a 1997, kuma ita ake ambata a matsayin voie verte ta farko a ƙasar. A kan tsohon layin dogo aka shimfiɗa ta, shi ya sa babu hawa mai tsanani, tana ratsa gonakin inabi da makiyayar fararen shanu. Ba sai kun yi ta duka ba. Ku hau daga Cluny zuwa Cormatin ku dawo, ya ishi ɗan shekara 7 yini guda. Abin da nake so ki riƙe shi ne mararraba. Hanyar keɓaɓɓiya ce, amma tana tsallaka titunan mota nan da can, kuma yaro da ya ji daɗin gudu ba ya ganin allo. Ki kafa musu doka tun a gida, duk wanda ya kai shingen mararraba ya sauka ya jira ki. Hular kwano wajibi ce a doka ga yaran da ba su kai 12 ba tun 2017, babban da ke tare da su ake ci tara. A kudu da Cluny akwai ramin Bois Clair, kilomita 1.6 a ƙarƙashin dutse. Yara suna son sa, amma cikinsa da sanyi ko da rani, ki sa musu riga mai kauri, kuma ana rufe shi a watannin hunturu saboda jemagu da ke kwana a ciki.

Batun abinci kuwa, ki yi guzuri daga Lyon inda mahautan halal suke birjik. A ƙauye abin dogaro shi ne burodi, cuku, ƙwai, kifin gwangwani da 'ya'yan itace. A gidan burodi ki tambaya kafin ki sayi abin da aka cusa wa wani abu, domin jambon da lardons duk naman alade ne, kuma suna shiga abubuwan da ba za ki zata ba. Kantunan ƙauye da yawa suna rufewa da tsakar rana, da yammacin Lahadi, wasu har Litinin, don haka ki sayi na rana tun da safe. Ruwa ana samun famfo a dandalin gari, har a maƙabartunsu, sai dai ki duba allo, idan an rubuta non potable na alwala ne kawai ba na sha ba. Salla ba za ta ba ku wahala ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, lokacin Azahar da La'asar yana da faɗi, kuma a tsofaffin tashoshin jirgin da ke kan hanyar akwai ciyawa da inuwa inda za a shimfiɗa sallaya ba a tare wa kowa hanya ba.

Idan da kekunanku za ku hau jirgin ƙasa na yanki da suke kira TER zuwa Mâcon ko Chalon-sur-Saône, garuruwan da ke kusa da hanyar, ki duba shafin jirgin kwana biyu kafin tafiya, domin a lokacin hutu wasu layukan sai an kama wa keke gurbi tun da wuri. Idan hawa da sauka da kekuna uku zai yi miki yawa, ki bar su a gida, akwai masu ba da haya a Cluny, har da ƙanana na yara.