Sara Montiel 'yar Sifaniya ce, Meziko ce ta fara fito da ita

Ka ce ka gan ta a fim da Pedro Infante, tauraron fina-finan Meziko, kana tambaya ko 'yar Meziko ce. A'a ɗan'uwa, haifaffiyar Sifaniya ce. A garin Campo de Criptana aka haife ta a 1928, sunanta na yanka María Antonia Abad. Ta fara fim a gida, amma ƙananan matsayi ake ba ta, sai ta tsallaka Meziko a 1950, lokacin da kasuwar fim ɗin ƙasar ke ci sosai. Can ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa, ta yi fina-finai uku da Infante, shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukarta 'yar can. Daga nan Hollywood ta ɗauke ta a fim ɗin Vera Cruz na 1954 tare da tauraron Amurka Gary Cooper, kafin ta koma Sifaniya a 1957.

Sai dai in za ka nemi fina-finanta na Meziko, rubuta "Sarita Montiel", don da wannan sunan ake sa ta a lokacin. Ni na daɗe ina rubuta Sara a YouTube, ba abin da ke fito mini sai waƙoƙinta na bayan ta koma gida. A ganina ma wasanta na Meziko ya fi armashi, tun kafin waƙa ta rinjayi wasan.