Amsa: Me ya sa likita ya canza mini magani da na nuna katin inshora?

Ɗan'uwa, ka ce da can Norvasc kake sha don hawan jini, amma tunda ka koma katin inshora sai amlodipine ake rubuta maka. Kwantar da hankalinka, sinadarin ɗaya ne. Norvasc sunan kasuwa ne kawai. Duba kwalin, ka tabbata ƙarfin maganin bai canza ba, kuma akwai lambar NAFDAC.

Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, tana da jerin magungunan da ta amince a biya, da sunayensu na asali, kuma a cikinsa likita yake zaɓa. Sannan a matakin farko na kula da lafiya ana biyan asibiti ƙayyadadden kuɗi ne kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Ka ga dole asibiti ya riƙa jan hannun likitocinsa don a yi tsimin kuɗin. Wannan yana iya rage rubuta allurai da magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai, kuma ina goyon bayansa.

Abin da ke damuna shi ne inda tsimin ya wuce gona da iri: a ce maka "babu, je ka saya a waje", ko a yi ta jan ƙafa wajen tura ka ga ƙwararre. Idan haka ta faru, riƙe takardar maganin ka kai ƙara wurin HMO ɗinka, wato kamfanin da ke kula da inshorarka, in ba su saurare ka ba ka tafi ofishin NHIA na jiharku. Kuma ka riƙa auna hawan jininka a makonnin nan.