Garin spirulina zai kare haihuwar maigidana daga illar kimo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana zai fara karɓar maganin ciwon daji, wato kimo, a asibitin Komfo Anokye. Ba mu daɗe da aure ba, Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Wata mata a unguwarmu tana sayar da garin spirulina, ta ce yana hana maganin kashe ƙwayoyin haihuwar namiji. In saya? 'Yar'uwarku daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa'alaikumussalam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ne.

Kina da hujjar damuwa. Kimo yana farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, kuma waɗanda ke samar da maniyyi suna cikinsu. Cyclophosphamide da cisplatin na daga cikin magungunan da aka sani da wannan ɓarna. Wasu mazan haihuwarsu takan dawo bayan 'yan shekaru, wasu kuwa ba ta dawowa.

Spirulina dangin gansakuka ne. Kanembu na yankin Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasarsa daga ruwa, su shanya a kan rairayi, su sa a miya. Abinci ne mai gina jiki, ban musa ba. Amma maganar da mai sayarwar take yi, daga gwajin ɓeraye ta samo asali: an ba su garin tare da maganin, aka ga lalacewar maniyyinsu ta ragu. Ba a tabbatar da haka a jikin ɗan Adam ba. Kuma abin da ya fi damuna shi ne, likitoci da dama suna hana mai karɓar kimo shan irin waɗannan ƙarin abinci da yawa, don gudun kada su rage wa maganin ƙarfi. Ga kuma garin da ake ƙullawa a leda ba lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana. Yana iya zuwa da gubar dalma ko wata guba mai taɓa hanta, a lokacin da hantar maigida ke fama da nata aikin. Don haka kada ki saya sai likitansa ya gani ya amince.

Kuɗin nan ku tanade shi don adana maniyyi. Ana karɓar maniyyin kafin allurar kimo ta farko, a daskarar da shi a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ya yi shekaru bai lalace ba. Akwai asibitocin haihuwa masu zaman kansu da ke yin haka a Gana. Na san kunya takan hana mazanmu ɗaga wannan zance, to ki raka shi asibiti, in ya yi shiru ke ki tambaya a makon nan. Malamai da yawa sun halatta hakan muddin matarsa ce za ta yi amfani da shi cikin aurensu. Ku tuntuɓi malaminku don hankalinku ya kwanta.

Ki kuma tambayi likita tsawon lokacin da za ku dakata da neman ciki bayan an gama kimo. Yawanci ba ya gaza wata 6, wasu har shekara 2 suke cewa.