Ga Ustaz ɗin da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaji

Wa alaikumus salam, Ustaz. Tambayarka ta yadda za ka koyar da ilimin halittu babu ɗakin gwaji, babu ko madubin duba ƙwayoyin halitta, ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin a wannan halin na koyar a wani ƙauye kusa da garin Maiurno na ƙasar Sudan.

Tsuntsaye ne suka rufa mini asiri. Yaron da ke wuni a gonar dawa yana korar janbaki, wanda maƙwabtanmu ke kira zarzur, ya riga ya san gajeren bakinsa mai kauri na fasa ƙwaya ne, kuma idan ka ajiye masa wannan kusa da lanƙwasasshen bakin shirwa da dogon bakin balbela, darasin alaƙar siffa da abinci ya zauna.

Amma ka shirya wa masu raina aikin. Wata rana mai duba makarantu ya tarar da mu a gindin bishiyar da shamuwa ta yi sheƙa, yara suna zana ƙafafunta. Bai ja ni gefe ba. A gabansu ya ce na mai da 'ya'yan mutane 'yan yawon daji, kuma kallon tsuntsu bai taɓa ba kowa sakamako ba. Shugaban makaranta yana tsaye bai ce uffan ba, alhali shi ya ba ni izini da bakinsa. Wata yarinya ta ɓoye zanenta a cikin mayafi, kuma har yau wannan ya fi rahoton da aka rubuta a kaina yi mini ciwo. Don haka ka karɓi izini a rubuce, ka nuna shafin manhajar da fitar ta shafa.

Kada shamuwa ta wuce ka bana. Da damina take zuwa, ta yi ƙwai a cikin gari, ta ci fara, sannan ta nufi kudancin Afirka; ƙaura da sarƙar abinci ke nan a tsuntsu ɗaya. Balbela kuwa tana cin ƙwarin da shanu ke tayarwa ba tare da ta cutar da su ba.

Idan an yanka kaza, ka roƙi ƙundun, ka tsaga shi a aji su ga tsakuwar da ke niƙa hatsi a madadin haƙora. Gandun namun daji na Dinder, da aka keɓe tun 1935, ya yi mana nisa a halin da ƙasa take ciki, gaɓar kogi da sassafe ta wadatar. Sai dai ka hana yara zuwa da danƙo, kuma kowa ya riƙe littafin da zai rubuta rana da wuri da abin da tsuntsun yake ci.