Hukuncin awo da mudu biyu: ɓarawon waya da ɓarawon biro

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An kama wani yaro a unguwarmu ya zare waya daga aljihun wani bayan sallar Magariba, aka rufe shi da duka da gora da bel har sai da aka kai shi asibiti. Ina tsaye ban ce komai ba. Bayan mako biyu muka cika motoci, har da waɗanda suka doke shi, muka je tarbar wani ɗan jam'iyyarmu da ke gaban kotu kan kuɗin jama'a. Abin ya tsaya mini a rai. Ina da laifi? Kuma tunda ba a taɓa manya, ba gara a ƙyale ƙananan ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan damuwar da ka ji alheri ce, Allah ya ƙara mana irinta.

A zamanin Annabi (SAW) wata mata 'yar Banu Makhzum, gidan manya a Kuraishawa, ta yi sata. Danginta suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci, saboda sun san matsayinsa a wajen Manzon Allah. Fuskar Annabi ta canza, ya tashi ya yi huɗuba, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne idan babba ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi. Ya kuma rantse cewa da Faɗimatu 'yarsa ce ta yi, da ya yanke hannunta. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ka lura da kyau, halakar an rataya ta ne a kan bambancin da ake nunawa wajen hukunci.

Mu ma mun ga haka da idonmu. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutum a Zamfara kan satar saniya. A 2022 kuma gwamnatin tarayya ta yi afuwa ga tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, waɗanda kotu ta ɗaure a 2018 kan dukiyar jihohinsu. Talakan da ya ga waɗannan biyun, da wane baki za ka ce masa mudu ɗaya ake awo da shi? Amma kada mu jibge wa shugabanni laifin duka. A majalisarmu ta ƙofar gida, idan na wata jam'iyya ya ci sai mu ce ɓarawo, idan namu ne sai mu ce sharri ake masa, ko "ai yana taimakon jama'a". Laifi tudu ne. Allah ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 135, mu tsaya da adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye da dangi. To ina ga jam'iyya?

Wasu kan fake da fiƙihu su ce ai cin kuɗin ofis ba shi ne satar da ake yanke hannu ba. Gaskiya ne an ruwaito daga Jabir cewa babu yanke hannu a kan maci amana, don haka hukuncinsa ta'aziri ne, alƙali ya ƙwace abin da ya ci, ya hore shi gwargwadon ɓarnarsa. Wannan bai sauƙaƙa zunubin ba ko kaɗan. Mayafi guda wani ya ɓoye daga ganimar Khaibar, Annabi (SAW) ya ce yana ci da wuta a kansa. Wanda ya haɗiye kuɗin maganin asibiti kuwa, mutane nawa zai biya ranar da babu naira?

Dukan da aka yi wa yaron haramun ne. Hukunci na hukuma ne, bayan shaida ko iƙirari. Waɗanda suka ji masa rauni su tuba, su biya kuɗin magani, su nemi yafewarsa. Kai kuma idan kana da ikon hanawa ko da da baki ne ka yi shiru, ka nemi gafarar Allah.

Tarbar ɗan siyasar, tuhuma ba hukunci ba ce, kuma ba na halatta maka ka kira shi ɓarawo kafin kotu ta tabbatar. Sai dai wannan uzurin shi ne kuka hana yaron. Idan kuma manufar taron ita ce a wanke shi ko a tsorata masu shari'a, to taimakekeniya ce a kan zunubi, ba ta halatta.

Batun ƙyale ƙananan ɓarayi, a'a. Annabi (SAW) bai ɗage haddin ba, a kan 'yar manyan ya zartar da shi. Ka je ka duba yaron, ka ba da abin da ya sawwaƙa na magani, kuma kada ka sake shiga irin wannan ayarin har kotu ta yanke hukunci. Wallahu a'alamu.