Tambaya da Amsa: Maganin sumatriptan da ciwon ɓarin kai

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 34, ina zaune a Garwa, ɗinki nake yi. Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai, idan ya tashi sai na shiga ɗaki na rufe taga, har amai nake yi. Wata huɗu da suka wuce likita ya rubuta mini sumatriptan mai miligiram 50. Yana yi mini aiki, amma wani lokaci ciwon yakan dawo da yamma sai in ƙara. Yanzu kusan kwana uku nake sha a kowane mako. Sannan Innata tana da hawan jini, ita ma kanta yana yawan ciwo, tana so in riƙa ba ta. Akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, Ya ba Inna lafiya.

Zan fara da maganar Inna, domin ita ce ba ta jira. Don Allah kada ki ba ta ko rabin ƙwaya. Na san da nauyi uwa ta roƙi abu a hannunki ki hana, amma wannan ba irin farasitamol ba ne da ake miƙa wa kowa. Sumatriptan, wanda ya fito kasuwa a shekarar 1991, yana kwantar da jijiyar da ke kai saƙon zafi daga kai, yana kuma tsuke hanyoyin jini. Tsukewar ba ta tsaya a kai kaɗai ba, tana iya taɓa jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Shi ya sa aka hana shi ga wanda hawan jininsa bai daidaita ba, da wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko ciwon ƙirji na zuciya, da wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa ko da ya warware a rana ɗaya, da mai toshewar jijiyoyin ƙafa, da mai ciwon hanta mai tsanani. Ba a kuma saba ba wa wanda ya haura shekara 65 ba. Ki ce wa Inna likita ne ya hana, ki raka ta a auna jininta a duba dalilin nata ciwon.

Ke kuma, ciwon da ke dawowa da yamma ba abin mamaki ba ne, domin ƙarfin maganin yana raguwa a jiki bayan 'yan awoyi. Idan ƙwayar farko ta yi aiki sannan ciwon ya dawo, za ki iya shan ta biyu, amma sai an yi aƙalla awa 2 tsakaninsu. Idan kuwa ta farko ba ta yi komai ba, ƙara wata a kan wannan tashin ba ya da amfani. Ki sha farasitamol ko ibuprofen idan cikinki yana ɗauka, ki kwanta. Takardar da ke cikin kwalin da ya zo daga Turai ta ce kada a wuce miligiram 300 a awa 24, ta Amurka ta tsaya a 200. Ni ina tsayar da marasa lafiyata a kan 200, kuma abin da likitanki ya rubuta shi ne gaba. Ki sha da zarar ciwon ya fara, kada ki jira sai ya kwantar da ke. Idan kina cikin masu ganin walƙiya ko layuka masu karkacewa a ido kafin ciwon, ki bari sai kan ya fara sara tukuna.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kwana ukun nan. Kwana uku a mako ya kama kwana 12 zuwa 13 a wata. Wanda yake shan sumatriptan ko 'yan uwansa kwana 10 ko fiye a wata, har ya wuce wata 3 a haka, yana iya faɗawa wani ciwon kai daban wanda maganin da kansa yake haifarwa. Ga farasitamol da ibuprofen iyakar kwana 15 ce. Yadda abin yake zuwa shi ne, kan ya saba da maganin, da ƙarfinsa ya sauka sai ciwo ya taso, a sha, ya lafa, gobe da asuba ya dawo. Mai ciwon yana ganin cutarsa ce ta ƙaru, sai ya ƙara saye. Ba laifinki ba ne, duk wanda ya san azabar wannan ciwo zai miƙa hannu ga abin da ya taɓa ba shi sauƙi. Amma kin kai bakin iyakar, wataƙila ma kin ɗan tsallaka.

Kwanaki ake ƙirgawa, ba ƙwayoyi ba. Ki samu kalanda ko bayan littafin da kike rubuta awon masu ɗinki, duk ranar da kika sha wani maganin ciwon kai ki sa alama, ki rubuta ranar al'adarki, da ko kin ci abinci, da yadda kika yi barci. Ki koma wurin likitanki da wannan takarda. Mai tashin ciwo da yawa haka ya cancanci maganin riga-kafi da ake sha kullum, irin su propranolol ko amitriptyline, wanda yake rage yawan tashin ciwon, sumatriptan ya koma na ranar da ta ɓaci. Idan aka ce ki dakatar da shi na wani lokaci, kwanakin farko za su yi wuya, ciwon yakan ƙaru kafin ya sauka. Ki daure, yana wucewa.

Akwai haɗin da ban yarda da shi ba. Kada ki sha sumatriptan cikin awa 24 bayan kin sha maganin da ke ɗauke da ergotamin, wani sinadari da ke cikin wasu magungunan ɓarin kai. Tramol ɗin da ake sayarwa a bakin titi kuwa ki nisance shi gaba ɗaya: ba maganin ɓarin kai ba ne, yana kama jiki, kuma haɗa shi da sumatriptan yana iya kawo rawar jiki, zufa da ruɗewa. Haka nan idan kina shan maganin damuwa irin su fluoxetine, ki faɗa wa likita. Ki kuma saya a farmasi da takardar likita, ba a kan tebur ɗin da rana ta dafa ba.

Ba ki ambaci tsarin iyali ba, amma zan taɓo shi. Macen da take ganin walƙiyar nan kafin ciwo bai dace ta sha ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin estrojin ba, saboda haɗarin shanyewar jiki. Akwai wasu hanyoyin. Idan kina da ciki, ko kina nema, ko kina shayarwa, ki sanar da likita kafin ki ci gaba.

Bayan kin sha, za ki iya jin ɗumi, jiri, barci, ko nauyi a wuya da muƙamuƙi na ɗan lokaci. Ki bar keken ɗinki sai ya wuce. Amma ciwon ƙirji mai tsanani ko wanda ya ƙi tafiya, wannan na asibiti ne nan take.

Mu da muke Garwa, Marwa har zuwa Njamena muna cikin yankin sanƙarau, kuma daga hunturu zuwa tsakiyar zafi ne lokacinsa. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba ɓarin kai ba ne, haka ma wanda ya sauko lokaci ɗaya kamar an buga miki guduma, ko ya zo da mutuwar hannu, karkacewar baki ko sarƙewar harshe. Da damina kuma zazzaɓin cizon sauro yakan fara da kai. A irin waɗannan kada ki ɓata awa biyu kina jiran ƙwaya ta yi aiki, a nemi babur ko mota a kai ki asibiti.